Ba Zan Sa Hannu a Ba da Ayarin Gamzaki Ba

Talata Mafara,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga maigidana, Abban Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Gambo da iyalinsa da suka sauke ka. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya zafin Sakkwato? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin zaure. Mufida kuwa kullum sai ta ɗauki wayata ta kara a kunne wai tana kiranka, na gaji da gaya mata babu sabis.

Yau kwana tara da kashe sabis a jihar nan, kwana bakwai da ka tafi can don kada wasanmu na waya ya tsaya. Ka ga ikon Allah, mutanen da suka shekara bakwai suna gina duniyoyi a sararin samaniya, yau sun koma biro da takarda, Jibo direba ne wayarsu. Rabona da dogon rubutu irin wannan tun ina makaranta, yatsuna har sun sage.

Takardarka ta iso jiya. Karatun farko dariya na yi, na zaci zolaya ce. A na biyu na ajiye ta, na tashi na sake share tsakar gidan da na riga na share. Sai a na uku na yarda da gaske kake.

Ka ce wasu 'yan kamfani daga Legas sun neme ka, suna so su karɓi Ayarin Gamzaki su ƙarasa shi cikin shekara guda. Ka ce suna da ma'aikata da manyan na'urori, ba irinmu masu jiran rana ta fito sola ya yi caji ba. Har nan ban ga laifinka ba. Amma sharaɗinsu shi ne a cire ɓangarena gaba ɗaya, kuma ka rubuta shi a layi ɗaya kamar ana maganar sauya labule.

Bari in tuna maka, tunda da alama iskar Sakkwato ta ɗebe maka tunani. Ranar da muka fara, a shagonka na gyaran kwamfuta da ke bakin tasha, mu uku ne. Kai ka ɗauki na'urar da wasan yake zaune a kanta, mai haɗa 'yan wasa daga ko'ina. Ƙawata Hasana ta Maradun ta ɗauki zane, ita ta ba jiragen kamannin kwale-kwalen masunta na Bakolori. Ni na ɗauki taswirar sama: duniyoyi ashirin da takwas, kowace da sunan ɗaya daga taurarin da Baba yake lissafa wa manoma a Bakura, da hanyoyin da ke tsakaninsu, masu sauyawa duk sa'ad da wani tauraro ya fita wani ya shiga. Ɗan wasa falke ne. Ya loda gishiri ko ƙarfe ko ruwa, ya dubi sama, ya gane hanyar da take buɗe. In an cire wannan aka shimfiɗa miƙaƙƙun hanyoyi masu sunayen Turanci, me ya rage namu a ciki?

Na san za ka ce jiragen da suke ɓata fa. Ban manta ba, ni ma ba na jin daɗin abinci in na tuna. Shekara uku ke nan, tun sabuntawar da muka fara sauya hanyoyi, mutum zai yi mako biyu yana tara kaya, ya tayar da jirginsa, jirgin ya bi iska, ba shi a nan ba shi a can. 'Yan Legas sun duba sun ce ciwon a taswirata yake. Wannan bai dame ni ba, ba su san ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kalma biyun da ka ƙara a ƙasa, cewa ka yarda.

To ka ji nawa. Mun yi alkawari tun ranar farko ba a ba da wasan nan sai da hannu uku. Takardar da ka aiko in sa hannu tana ƙarƙashin tire, ba zan sa ba. Kuma ban zauna ba. Duniya ta goma sha huɗu ta kusa, jiya na sa jirgi ya sauka a ƙasa ba tare da ya nutse cikinta ba, karo na farko.

Ka gaishe mini da Yaya Gambo da maiɗakinsa. Umma ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Na sa maka yaji da ƙuli-ƙuli a ledar da Jibo zai miƙa maka, ko da yake ba ka cancanta ba. Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Lailatu.


Talata Mafara,
21 ga Satumba, 2021.

Abban Mufida,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan kana lafiya, murar da ka ambata kuma ta sake ka. Umma da Mufida suna lafiya suna gaishe ka. Yau Talata, amma tunda an rufe kasuwannin mako garin shiru yake kamar an yi rasuwa. Ba ihun 'yan kamasho, ba ƙurar shanu. Ban taɓa zaton zan yi kewar hayaniyar nan ba.

Na ga takardu huɗun da ka bugo mini na maganganun 'yan wasa. Ka wahalar da kanka. Na ga wanda ya ce wasanmu kwantaccen ciki ne, shekara bakwai ba haihuwa ba ɓari. Wallahi wannan ya ba ni dariya, in ka san shi ka ce na gaishe shi. Na ga wanda ya ce ya fara wasan yana saurayi, yanzu ɗansa ya shiga firamare, har yau bai ga duniya ta ashirin da takwas ba. Amma ka lura da wani abu? Mutumin nan bai tafi ba. Duk masu zagin nan kullum suna ciki suna lodi. Wanda ya gaji da abu ba ya tsayawa rubuta masa shafi guda na zagi, tafiyarsa yake yi.

Ranar Asabar na je Maradun. Na bar Mufida wurin Umma, na shiga motar safe, aka tsayar da mu a shinge ya fi sau biyar. Na tafi da niyyar in ja Hasana mu zama biyu a kanka, ashe ka riga ni. Tun kafin in zauna na gane, don ta kasa haɗa ido da ni, sai kawo ruwa take tana mayarwa. Ta sa hannu tun ranar Alhamis. Ta ce idonta ya fara ciwo saboda zane, ta ce dangin mijinta na Faru da suka baro gonakinsu sun cika mata gida, ba ta da inda za ta shimfiɗa takarda ma. Ta yi kuka, ta ce in yafe mata. Na yafe mata a take, don abin da ta faɗa gaskiya ne, na gani da idona.

Kai ne ban yafe wa ba tukuna. Ka aika mata a ɓoye, ka bar ni na hau mota a wannan hali na je na ji a bakinta. Da ka gaya mini da kanka da ciwon bai kai haka ba. A hanyar dawowa wata tsohuwa kusa da ni har ta tambaye ni ko gaisuwar mutuwa na je.

Yanzu ku biyu ne, ni ɗaya. To, hannu biyu ba uku ba ne, kuma ba ni na kafa dokar ni kaɗai ba.

Duk da haka Hasana ta ba ni zanen duniya ta goma sha huɗu, wanda ta gama tun kafin a kashe sabis. Ka ga kyau! Ƙasa ja, tafkuna kore shar, da fadama inda ɗan wasa zai iya fita daga jirginsa ya yi shuka. Na riga na ɗora shi. Ƙofar jirgi tana buɗewa, mutum yana takawa, sai dai in ya juya hagu da sauri ƙafarsa ɗaya takan maƙale a sama kamar zakara mai sanyi. Zan gyara kafin Juma'a. Rana tana yi mana kirki, batir yana kai ni har la'asar.

Ina da buƙata guda. Ka bugo mini jerin duk jiragen da suka ɓata tun farko, kada ka bar ko ɗaya, da duk abin da na'urarka ta rubuta a kansu. Ka ce 'yan Legas sun ba ka zuwa ƙarshen Oktoba. Sun ba ni ke nan ni ma.

Ka kula da kanka, ka daina shan ruwan sanyi da mura. Ina fushi da kai, ina kuma kewarka, duka biyun gaskiya ne.

Taka,
Lailatu.


Talata Mafara,
28 ga Satumba, 2021.

Abban Mufida,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, kai da mutanen gidan. Muna lafiya. Jerin ya iso, na gode, shafi arba'in da ɗaya. Jibo ya ce ya zaci takardun gado ne.

Wannan takarda gajera ce don ba ni da labari mai daɗi. Kwana biyar ina kansa. Na ware jiragen bisa girmansu, ban ga komai ba. Na ware su bisa kayan da suka ɗauka, da irin wayar mai wasan, da duniyar da suka nufa. Babba ya ɓata, ƙarami ya ɓata, na ɗan Kano ya ɓata, na ɗan Yamai ya ɓata. Na sake bin rubutun taswirata layi-layi har haruffa suka fara rawa a idona. Ban ga ɓaraka ba, kuma ban isa in rantse babu ba.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Jiya da hantsi na ciro takardar nan daga ƙarƙashin tire, na ɗauki biro. Na ce wa kaina wataƙila girman kai ne kawai yake ɗawainiya da ni, na tsare mijina da ƙawata a kan abin da na kasa gyarawa shekara uku. Na daɗe a zaune. Abin da ya hana ni ba ƙarfin hali ba ne. Na tuna in na sa hannu yau, zan mutu ban san abin da ya ci jiragen nan ba, wasu su share taswirar su ce sun warkar da ciwo. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Na mayar da ita inda take.

Gobe zan tafi Bakura da Mufida in duba Baba, an ce idonsa ya ƙara yin hazo. Ƙanwarka Taiba za ta zauna da Umma. Kwana uku zan yi. Ka sa ni a addu'a, ko da addu'arka ta saɓa da tawa.

Matarka,
Lailatu.


Bakura,
2 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Abban Mufida, maigidana abin ƙaunata, mai taurin kai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta Yaya Gambo da yara. Baba yana gaishe ka ƙwarai, ya sa maka albarka. Idon nasa sai a hankali, ba ya iya karatu yanzu, amma kansa garau yake kamar da. Ka gyara zama, don yau da labari na zo.

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a gefen tabarmarsa a zaure da takardun nan a cinyata, don na kasa barin su a gida. Wasu manoma biyu daga Damri suka zo tambayarsa ko ruwa yana da saura, saboda wakensu. Ya ja tasbaha ya lissafa musu kwanakin tauraron da muke ciki, ya ce su sa rai kaɗan amma kada su dogara. Da suka tafi sai ya ji motsin takarda, ya tambaye ni mene ne nake ta juyawa tun jiya kamar mai neman layar da ta ɓata. Ka san Baba bai taɓa ɗaukar wasanmu da muhimmanci ba, jiragenku na cikin gilashi yake ce masa. Na dai ba shi labari don in rage nauyin ƙirjina.

Ya ce in karanto masa. Na fara da sunayen masu jiragen, don haka na'urarka ta jera su. Ya ɗaga hannu ya ce ba ruwansa da sunan kowa, ranaku zan ba shi. Na shiga karanto ranaku, yana jan tasbaha. Ban kai shafi na huɗu ba ya ce in dakata, ya ce ai ranakun maimaita kansu suke yi. Ya sa na jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe a bayan takarda, ya ce in ƙirga tsakaninsu. Goma sha uku. Goma sha uku. Goma sha uku. Can sai ga goma sha huɗu guda ɗaya. Kafin in buɗe baki ya ce wannan Jabha ce, ita kaɗai ce tauraruwar da take kwana goma sha huɗu a shekara.

Abban Mufida, ka ji fa. Ni na rubuta wannan lissafin a cikin wasan da hannuna, a wurinsa na koya, amma shekara uku ina duban jirage da kaya da wayoyi, ban taɓa duban kwanan wata ba. Jirage ba sa ɓata sai ranar da tauraro yake sauyawa.

Saura ƙulli ɗaya. Ranakun da ke takardarka duk sun gaza lissafin Baba da kwana guda. Inda ya ce tauraro ya shiga Juma'a, takardarka ta ce jirgi ya ɓata Alhamis. Sai ya tambayi lokaci. Na duba, na sake dubawa, na bi shafi arba'in da ɗayan nan kaf. Babu jirgi ko ɗaya da ya ɓata da safe ko da rana. Dukkansu tsakanin faɗuwar rana ne da ƙarfe goma sha biyun dare.

Ka gane yanzu? Ni da na gina taswirar, ranata tana farawa da magariba, kamar yadda na tashi na ga ana yi a gidan nan. In rana ta faɗi ran Alhamis, daren Juma'a ya shiga, tauraro ya shiga, hanyoyi su sauya. Ban taɓa tunanin in gaya maka ba, don wa yake gaya wa mijinsa abin da kowane yaro ya sani? Kai kuma na'urarka ba ta sauya rana sai sha biyun dare, kamar agogon bature, kuma ba ka taɓa tunanin ka gaya mini ba. A 'yan sa'o'in nan da ke tsakani, taswirata ta buɗe wa falke sabuwar hanya, na'urarka kuma ta ce wannan hanya ba ta wanzu ba sai gobe. Sai jirgi ya faɗa tsakaninmu.

Da na yi wa Baba bayani ya yi dariya har da tari. Ya tambaya, da irin maganarsa, wane ne wanga da ke fara ranarsa tsakar dare mutane na kwana. Na ce surukinka ne. Ya ce to a gaishe shi, a ce masa ya yi ƙoƙari.

Don haka 'yan Legas ba su yi ƙarya duka ba, akwai hannuna a ciki, na amsa. Amma rabi ne, ɗaya rabin naka ne, kuma ina so ka amsa shi da bakinka kamar yadda ka rubuta ka yarda.

Na san abin da zai zo maka a rai, cewa in mayar da taswirata sha biyun dare a huta. Kada ma ka ɓata tawadarka. Ba zan mayar ba. Duniya duk ta bi agogon wasu, mu ma muna bi a wurin aiki da asibiti da tasha. A cikin wannan sama guda da muka gina da hannunmu, rana za ta sauya ne lokacin da ta faɗi a Talata Mafara, ɗan wasa yana Landan ne ko yana Makka. A filas ɗin kwamfuta da ke cikin ambulan akwai gyaran, layi goma sha ɗaya ne kacal, zai sa na'urarka ta bi faɗuwar ranar garinmu. Jiya na rubuta shi a ɗakin Inna, Mufida tana ja mini zane.

Ga sharaɗina, kuma a gaban Baba na faɗe shi, shi ne shaida. Tauraro zai sauya daren Juma'a mai zuwa, wato in rana ta faɗi ran Alhamis bakwai ga wata. Ka ɗora gyaran kafin nan. Ka sanar da 'yan wasa, ka ce duk mai ƙarfin zuciya ya tayar da jirginsa bayan sallar magariba, kai ma ka tayar da naka. In jirgi ɗaya tak ya ɓata, zan sa hannu in ba Jibo takardar da safe, ba za ka sake jin bakina ba. In kuwa duka suka isa, ka rubuta wa mutanenka na Legas ka ce mun gode.

Ba zan ga abin da zai faru ba, ina nan inda ko gaisuwa waya ba ta kaiwa. Amanar tana hannunka, kuma duk fushin da nake yi ban taɓa saninka da ƙarya ba.

Ka huta lafiya. Inna ta ba da daddawa a kai maka.

Matarka mai jiran labari,
Lailatu.


Talata Mafara,
12 ga Oktoba, 2021.

Abban Mufida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, zuciyarka kuma ta samu sauƙi fiye da yadda na ji ta a takardarka. Umma lafiya, Mufida lafiya, ni ma da sauƙi.

Jibo ya kawo takardar ran Asabar, tun daga bakin zaure na yage ambulan. Jirgi sittin da uku suka tashi bayan magariba, sittin da uku suka isa. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida har Umma ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya haihu. Na ga inda ka rubuta cewa rabin kuskuren naka ne, na ga inda ka ce ka sallami 'yan Legas. Ka cika alkawari, Allah ya saka maka da alheri. Na so a ce a nan takardar ta ƙare.

Shafi na biyu ne ya sa na yi kwana uku ban ba ka amsa ba. Ka ce ka zauna kana kallon jirginka yana shiga tasha, 'yan wasa suna ta murna suna yi wa juna barka, kai kuma kana jiran farin ciki ya zo maka, bai zo ba. Ka ce a nan ka gane ba jiragen da suke ɓata ne suka gajiyar da kai ba, wasan ne ya fita daga ranka tun tuni. Ka ce ka cire hannunka, za ka koma shagonka, ka bar mini duka.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na yi zaton faɗa nake yi da 'yan Legas, in na kayar da su zan juyo in same ka a gefena kamar da. Ban san kai ma hanyar fita kake nema ba. Kuma da na zauna na yi tunani, na ga abin da ban gani ba shekara bakwai. Ni ina can cikin taurari ina jin daɗina, kai ne kake buɗe waya kowace safiya ka karanta zagi, kai ne kake ba mutane haƙuri a kan jiragensu, kai ne kake sa rana ka zo ka janye ta. Ban taɓa tambayarka ko ka gaji ba. Wannan laifina ne, ka yafe mini.

Amma in kana jira in ce tunda ka fita ni ma na haƙura, to ba ka san wadda ka aura ba. Na karɓa. Ba zan roƙe ka ka dawo cikin aikin ba, yau ko gobe, don na ga abin da ya yi maka. Ban san na'urarka ba, ko kunna ta ban taɓa yi ba, zan koya. Ran Alhamis zan koma Maradun in zauna da Hasana, in ta ce idonta ba zai iya ba in nemi wani mai zanen. Duniya ta goma sha huɗu ta kammalu, ƙafar nan ta daina maƙalewa, tana cikin filas ɗin da na haɗo. Ka ɗora musu ita, wannan ne aiki na ƙarshe da zan sa ka. In sun tambayi yaushe za a gama sauran, kada ka sa musu rana. Ka ce mai wasan ta ce tana nan tana yi.

Ka riƙe mini na'urar zuwa ranar da za a dawo mana da sabis, amana ce ba aiki ba. Kafin nan ka samu littafi mai kauri ka rubuta mini duk yadda ake sarrafa ta, da lambobin sirrin, dalla-dalla yadda za ka koya wa wanda bai san komai ba. Kada ka ba Jibo wannan. Da hannunka nake so ka kawo mini, ka zauna a tabarmar nan ka nuna mini shafi-shafi, in na yi tambayar wauta ka yi mini dariya. Wasan ne ka bari, Abban Mufida, ba a ce ka bar gida ba.

Ka gaishe da Yaya Gambo, ka yi masa godiya a madadina. Allah ya kawo mini kai lafiya.

Ni ce matarka,
Lailatu Yusufu,
mai Ayarin Gamzaki.